Helman Da Ya Tare Wa Ƙaninsa Ruwa

An yi wani mutum a ƙasar nan tamu, a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi sunan ƙauyen ba, don ya bar baya, kuma ba tonon silili ne ya tara mu ba. Mutanen garinsu Helma suke ce masa, saboda shi aka ba shugabancin leburori lokacin da aka zo musu da aikin hanya. Mu ma mu kira shi hakan.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai rasa komai ba. Yana da gonar gyaɗa a kan tudu wadda sai ka gaji da tafiya ba ka ƙure ta ba. Rumbunansa ba a taɓa ganin ƙasansu ba. Shi ya fara sayen keke a unguwarsu, shi ya fara ajiye rediyo a ƙofar gida. Da Allah ya ba shi zuciya mai ganin abin da ke hannunta, da ya rayu cikin daɗi ya mutu cikin daɗi. To amma idanunsa ba sa kallon akushinsa, kullum suna kan na maƙwabci.

Maƙwabcin kuwa ba bare ba ne. Ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Kabo.

Da mahaifinsu ya rasu aka zo rabon gado, Helma ne ya fara zaɓe, ya ɗauki tudu. Aka bar wa Kabo wata fadama a kudu da gari, wurin da ruwan kwari ke gangarowa daga arewa ya kwanta duk damina. A lokacin ba abin da ke wurin sai kwaɗi da sauro. Kabo ya karɓa. Ya sassabe ta, ya haƙa 'yan rijiyoyi, ya kafa jigo, ya shiga noman rani. Kafin a ankara, wurin da ake wa dariya ya zama lambu. Albasa, tumatir, barkono, har da rake a gefe.

Ranar kasuwar Ajingi, in Kabo ya sauke mangalar jakinsa, sai ka ji mutane suna tambaya, "Albasar Kabo ta iso?" Helma yana rumfar masu gyaɗa yana ji. Kowace tambaya sai ta sauka masa a ƙahon zuci. In tsohuwarsu Gaji ta ɗanɗana miya ta ce Allah ya yi wa Kabo albarka, sai Helma ya wanke hannu ya tashi.

Me Kabo ya ƙwace masa? Ya ci iyakar gonarsa ne? Ya taɓa wuce shi bai durƙusa ya gaishe shi ba? Ko ɗaya. Laifin Kabo ɗaya ne a duniya, an ba shi saura, sauran ya yi albarka. Ita hassada ba ta neman dalili, ya 'yan uwa. Ganin alheri a hannun wani ya ishe ta abinci.

Ana nan, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, hukuma ta yi niyyar fitar da hanyar burji da za ta ratsa ƙauyukan wajen, don manyan motoci su riƙa shiga kwasar amfanin gona. Masu awo suka zo suka kakkafa turaku. Aka turo wani injiniya daga Kano, Malam Abdulsalam, mutum mai natsuwa wanda ya san aikinsa. Ya zagaya da ƙafarsa, ya ga inda ruwa ke bi, ya tsara komai daki-daki. Za a ɗaga hanyar da marmara har ta fi ƙasa tsayi. A bakin kwarin nan kuma, inda ruwa ke tsallakawa zuwa fadama, za a jera zobban kankare a ƙarƙashin hanya daga wannan gefe zuwa wancan, a yi kwalbati, mota ta bi ta sama, ruwa ya bi ta ƙasa.

Tsari ya yi kyau, ba abin kushewa. Sai dai Malam Abdulsalam ba wannan hanya kaɗai ke wuyansa ba, kuma ba a ƙauyen yake kwana ba. Dole ya sami ɗan gari mai faɗa a ji wanda zai tsaya kan leburori. Aka nuna masa mutumin nan. Aka ce ya san ƙasar kamar tafin hannunsa, kuma ba ƙarya aka yi ba. Ya damƙa masa amanar wannan yanki.

Ranar da tifa ta sauke zobban kankaren a bakin kwari, Kabo ya hauro daga lambu da laka a ƙafafunsa, bakinsa har kunne.

Ya ce, "Yaya, ashe da rabon mu ga wannan rana. In hanyar nan ta ƙare, mota za ta tsaya a bakin lambu. Albasata har Kano, in Allah ya yarda."

Helma ya ce, "Allah ya nuna mana."

Bakinsa ne ya faɗa. Zuciyarsa kuwa wani abu dabam take karantawa. Wato shi zai sha rana, ya sha ƙurar marmara, ya yi ta daka wa ƙarti tsawa, don a wayi gari mota ta tsaya a bakin lambun Kabo? Yau Ajingi ake kiran sunansa, gobe Kano. Jibi sai a ji ya tafi Makka, a dawo ana ce masa Alhaji, shi kuwa babban wa yana nan da tsohon kekensa. Ya yi ta juya maganar nan yana aiki, yana juya ta yana cin abinci, har a sahun salla ba ta bar shi ba. Kuma ya san abu ɗaya da kowane ɗan garin ya sani. Ran lambun nan ruwan kwari ne. Shi ke kwanciya da damina ya jiƙa ƙasa, shi rijiyoyin Kabo ke sha har rani ya fita.

Da aka zo kan kwalbatin, sai ya sa aka dasa zobe ɗaya a bakin arewa, ɗaya a bakin kudu. Tsakiyar kuwa ya ce a cika da marmara a daddaɓe.

Barau, maginin da ke ɗaure zobban da siminti, ya tsaya da cokalinsa a hannu. Ya ce, "Helma, wannan ai baki biyu ne ba maƙogwaro. Ta ina ruwan zai wuce?"

Helma ya ce, "Kai aka ba aikin ko ni? In ka gaji, akwai masu jiran gurbinka a gindin tsamiya."

Barau ya dubi gindin tsamiyar. Da gaske akwai su, zaune jingim, kowa na fatan a kira shi. Ya tuna da iyalinsa, ya sunkuyar da kai ya ci gaba. Sauran leburorin ma sun gani, kowa ya ja bakinsa ya tsuke. Rola ta bi ta kai ta murje. Ragowar zobban Helma ya sa aka gangara da su bayan gonarsa, ciyawa ta rufe su. Ko sayarwa bai yi ba. Ba abin duniya ya sa shi ba, shi dai kada ruwa ya je wa Kabo.

Malam Abdulsalam ya zo duba aiki da tsakar rana, a gurguje, don wani wurin na jiransa. Ya sauko daga mota, ya leƙa ta arewa ya ga bakin kwalbati da farin siminti. Ya tsallaka kudu ya ga wani. Bai durƙusa ya duba ko haske na ratsowa ba. Ya kama hannun Helma ya ce, "Madalla. Da kowa irinka ne, da mun huta." Ya shiga mota ya tafi.

Ku lura da nan, ya 'yan uwa. Wanda ya tsara bai yi kuskure ba. Kayan aiki sun zo cif. Ma'aikata sun iya aikinsu. Amma tsari ba ya tashi ya aikata kansa, sai ya bi ta hannun mutum, hannu kuma bawan zuciya ne. Mai dubawa ya duba da ka, masu gani suka yi shiru, mai amana ya ci. Hanyar da aka yi don jama'ar ƙauyuka da yawa ta tashi da ciwo a cikinta tun ranar da aka buɗe ta.

Sai Allah ya yi masa talala. Daminar da ta biyo ta zo da ƙarancin ruwa, ta bayanta kuma ta fi muni. Dattawan cikinku sun tuna farin nan na shekarar da aka canza kuɗi, lokacin da gero ya bushe a tsaye, shanu suka yi ta faɗuwa a burtali. Ɗan ruwan da kwarin ya samu sai ya zo ya tsaya a jikin hanya ta arewa, ya yi kwana kaɗan, ƙasa ta shanye. Ko ɗigo bai tsallaka ba. Rijiyoyin Kabo suka ƙafe tun kaka ba ta yi nisa ba. Kowa ya ce fari ne. Wa zai zargi mutum alhali sama ma ta hana?

Kabo dai ya taɓa zuwa ya durƙusa a bakin kwalbatin, ya zura sanda ya ji ta tokare. Ya sami wansa ya ce, "Yaya, kamar kwalbatin nan ya toshe. Ko in kawo fartanya mu yashe shi?"

Helma ya haɗe rai. Ya ce, "Kul. Kayan hukuma ne. Ka taɓa shi a ɗaure ka, ni ba ruwana. Zan sanar da injiniya."

Kabo ya ce, "To, Yaya." Ya tafi yana jiran injiniyan da ba wanda ya sanar da shi komai.

Lambu ya mutu. Kabo ya sayar da jakinsa, ya bar matarsa Hansai da yara, ya tafi cin rani birni yana dako. Shi kuwa Helma a shekarun nan ne ya yi ƙiba. Ran Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, sai ya sa a auno hatsi a kai gidan Kabo, kuma sai an bi ta gaban jama'a da ƙwaryar. Mutane na cewa, kai, ɗan'uwa rabin jiki, Allah ya bar zumunci. Yana jin daɗin maganar, amma ba ita ce ta fi masa daɗi ba. Abin da ya fi masa daɗi shi ne ya hau keke ya bi ta kan hanya a hankali, ya dubi kudu ya ga jigon Kabo a tsaye ba guga. Wannan ce sadakarsa, Allah ya raba mu da irinta.

Daga nan sai ya yaudari kansa da ƙaryar da ya yi wa mutane. Ya ga motoci sun fara bin hanya, ya ce shi ma bari ya matso bakin titi, duk motar da ta tsaya a ƙofarsa za ta tsaya. Ina ya zaɓa? Gefen kwarin nan ta arewa, don nan ne fili mai kyau, kuma shekara biyu yana ganinsa a bushe ƙayau. Ya gina gida na tubali da rufin kwano, ya fitar da shago, ya kwaso rumbunansa ya jera a baya.

Tsohuwa Gaji ta dogara sanda ta zo ta ga ginin. Ta ce, "Ɗan nan, nan fa hanyar ruwa ce. Tun ina amarya nake ganinsa yana bi ta nan."

Ya yi dariya ya ce, "Inna, ruwan da ya manta da mu? In ma ya zo, ya bi gefen titi ya gangara."

Ta ce, "Ruwa ba ya manta gidansa." Ta ƙi tarewa, ta yi zamanta a tsohon gida.

Damina ta uku ta zo da albarka. Kabo ya dawo gida ya yi shuka. Da marka ta kankama, aka wayi gari wata Laraba sama ta yi baƙi ƙirin, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba har azahar. Duk ruwan tudun arewa ya taru ya biyo kwari yadda ya saba tun kaka da kakanni. Ya iso hanya ya tarar an gina masa bango. Ya tsaya, ya fara tumbatsa yana komawa da baya. Ya shafe filin, ya kewaye rumbuna, ya shiga zauren Helma. Matarsa Kubura ta kwashi yara ta hau kan titi da su, suna rawar sanyi.

Kabo ya taho a guje da mutanen gari, kowa da fartanya da diga. Barau na cikinsu. Kabo ya ce, "Yaya, ba sauran jiran injiniya. Mu buɗe kwalbatin nan yanzu, in ya ƙi mu fasa hanyar. In ruwan ya samu ya wuce, gidanka zai tsira."

Ya 'yan uwa, ga ƙofar tuba Allah ya buɗe masa a gaban idonsa. Kalma ɗaya ce, ya ce ku haƙa. Gidansa na tsaye tukuna, hatsinsa bai jiƙe duka ba. Amma ya dubi digar da ke hannun ƙaninsa, ya san sara kaɗan za a yi a tarar ba zobe a ciki. Ya dubi kudu kuma ya ga fadamar nan tana jira, ya san duk ruwan nan can zai tafi ya kwanta, lambu ya tashi. Kunyar tonuwar asiri ta kama shi, amma wallahi ba ita ta fi ƙarfi ba. Ya tsaya a kan kwalbatin ya buɗe hannuwa.

Ya ce, "Ba mai taɓa hanyar nan ina raye. Ruwa zai janye da kansa."

Barau ya ce, "Helma, ka ji tsoron Allah. Ni da kai mun san abin da ke ƙarƙashin ƙafarka."

Helma bai ko dube shi ba. Ya ture na kusa da shi, ya faɗa cikin ruwan da ya kai masa ƙugu, wai zai je ya toshe ƙofar shago. Kabo na kiransa bai waiwayo ba. Ginin ƙasa kuwa in ya sha ruwa ta gindi ba ya shawara da kowa. Yana shiga zaure bangon ya zauna, azara da tubali suka rufto masa a baya.

Kabo ne ya fara isa. Shi da Barau suka ɗaga azarar da kafaɗunsu, aka jawo shi ba ya motsi. Suna fitowa da shi kenan hanyar ta gaza. Marmarar tsakiya ta narke, ruwa ya ɓalle da ƙara, ya yi awon gaba da titin. Zobban nan guda biyu suka gangara cikin fadama, ɗaya nan ɗaya can. Jama'ar gari na tsaye a kan abin da ya rage na hanyar suna kallon ramin. Kowa ya ga babu na uku.

Gida ya tafi, shago ya tafi, rumbuna suka narke da hatsin cikinsu. Ruwan da ya ja da ƙarfi ya zaftare gindin gonarsa ya bar kwazazzabo. Ba shi kaɗai ya ɗanɗana ba. Hanya ta yanke har bayan kaka. Motoci suka daina shigowa, amfanin gonar bayin Allah ya yi ta jira a buhu, mara lafiya sai a ɗauke shi a kan jaki zuwa Gaya kamar yadda ake yi kafin a yi hanyar. Malam Abdulsalam ya zo ya tsaya a bakin ramin ya daɗe, ya sha tambayoyi a wurin manyansa, daga baya aka ɗauke shi daga aikin. Leburorin da suka yi shiru, su ma kowa ya san su.

Shi kuwa Helma, a ɗakin Kabo aka kwantar da shi, don ƙanin ne ya ɗauki jinyarsa. Mai ɗori ya zo ya duba ya ce bayan ya taɓu, ƙafafun ba za su sake ɗaukarsa ba. Ya yi kwanaki cikin zazzaɓi bai san inda yake ba. Kabo ya riga ya ji komai daga bakin Barau. Bai fasa ba. Shi ke juya shi, shi ke ɗura masa kunu, shi ke kore masa ƙuda.

Wata safiya ya buɗe ido. Ya ga rufin ɗakin da ba nasa ba, ya ga ƙaninsa zaune a gefen tabarma. Leɓunansa suka motsa. Kabo ya sunkuyo da kunnensa, yana zaton zai tambayi Kubura da yara, ko Inna, ko ya nemi gafara.

Ya ce, "Lambun fa? Ruwan ya share shi?"

Kabo, bawan Allah, sai ya ɗauka tausayinsa ake ji. Idonsa ya kawo ƙwalla. Ya kama hannun wansa ya ce, "Kwantar da hankalinka, Yaya. Ba abin da ya same shi. Ruwan ma sabuwar ƙasa ya shimfiɗa masa, rijiyoyi duk sun cika. Bana sai ya fi kowace shekara, da shi zan riƙe mu gaba ɗaya."

Helma ya zare hannunsa. Ya juya fuskarsa ga bango ya fashe da kuka. Bai yi kukan gidansa ba, bai yi kukan ƙafafunsa ba. Wannan ne ya sa shi kuka.

Ya rayu shekaru bayan haka a zauren Kabo. Aka gyara hanya, aka sa kwalbati na gaskiya. Daga inda yake kwance yana jin motoci suna tsayawa a bakin lambu, yana jin 'yan kamasho na kiran sunan ƙaninsa. Miyar da ake kawo masa da albasar lambun ake yin ta. Haka ya yi ta ci har ya koma ga Mahaliccinsa.

Ya 'yan uwa, kun ji ƙarshen mai hassada. Hausawa suka ce hassada ga mai rabo taki ce, kuma a nan har takin ruwa ya kai masa. Mai hassada ba da ɗan'uwansa yake faɗa ba, da Wanda ya yi rabon yake faɗa, to wa ya taɓa yin wannan faɗa ya ci? Bango ya karya wa mutumin nan baya, amma bai karya abin da ke ƙirjinsa ba, don ya bar shi ya yi saiwa tun yana ɗan tsiro.

Kai da aka ba aikin jama'a, ko hanya ce, ko rijiya, ko ajin makaranta, ka sani abin da ka binne a tsakiya inda mai dubawa ba ya gani, Allah na gani, kuma akwai daminar da za ta tone shi. Kai mai dubawa, ka durƙusa ka leƙa. Kai da ka gani ka yi shiru don tuwonka, kana da kaso. Kowannenmu kuma, kafin ya tashi daga nan, ya tambayi zuciyarsa, wane ne in aka ce ya samu sai in ji ƙirjina ya yi nauyi? In ka sami sunansa, ka yi masa addu'ar ƙari tun kafin ka kai gida.

Allah ya wanke mana zukatanmu, ya sa mu ga alheri a hannun ɗan'uwa mu ji sanyi. Allah ya ba mu ikon riƙe amana a inda ido ke gani da inda ba ya gani. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu, kada ya bar mu da kanmu. Amin.